Yaron da Ya Zaga da Mu Makarantar Kwana

Da yaron nan bai durƙusa ya gaishe mu da Hausa ba, da ɗana yana raye? Na tambayi malamai, sun ce kwanansa ne ya ƙare. Na yarda, ban yi musu ba. Amma tambayar tana nan a ƙirjina, na tsufa da ita.

Rubuta, Rakiya jikata. Ki rubuta da Hausa yadda na faɗa, kada ki juya mini shi Sango, yaren mutanen ƙasar nan, don ya fi miki sauƙi. In kin ga ina kuka, ki ajiye alƙalamin ki jira, ba sai kin lallashe ni ba.

Bana azumi ya sake faɗowa a farkon damina, kamar waccan shekarar. Jiya da la'asar hadari ya haɗo daga wajen kogi, ƙamshin jar ƙasa ya tashi, sai ga maƙwabciyarmu ta shigo da murna. Ta je duba wata makarantar kwana da za ta kai 'yarta. Ba ta ba ni labarin gini ba, ba ta ba ni labarin malamai ba. Maganarta duk a kan ɗalibar da ta zaga da su ne, wai ladabi, wai tsabta, wai fara'a. Na ji bakina ya yi ɗacin da ya wuce na azumi. Shi ya sa na ce ki zo da takarda.

A lokacin Faransa ke riƙe da ƙasar. Unguwarmu ta Kilomita Biyar, nan Bangi, gidajen ƙasa ne da jinka, mai kwano ɗaiɗai ne. Kakanki, Allah ya jiƙansa, mahauci ne. Ɗanmu na fari Magaji muke ce masa, ba na faɗin sunansa na yanka. Ku yaran yanzu ba ku san wannan kunyar ba. Uwa ba ta wasa da ɗan fari, ba ta tambayarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Gwaggon maigida, da ke zaune tare da mu, ita ta goya shi. Ni daga nesa nake kallonsa, in ya juyo in kau da kai.

Turawa suna son 'ya'yan 'yan kasuwa a makarantarsu ta kwana, can cikin daji, mutanenmu kuwa sun ƙi. Tsoron naman alade, tsoron a raba yaro da salla. Sai aka ɓullo da dabara. Wata Juma'a mai unguwa ya sanar a ƙofar masallaci cewa za a turo mota ta kwashi iyaye, su je su gani da idonsu. Maigida ya ce in zo, mata sun fi iya duba madafa. Azumi bai kama ba tukuna a waccan shekarar, na ƙulle kilishi a gefen zane don hanya.

Mun iske makarantar an shafe ta da farar ƙasa, an sassabe ciyawa. Baturen makarantar ya yi magana da Faransanci, tafinta ya juya da Sango, mu dai muna tsaye a takure. Sai Baturen ya tafa hannu. Wani yaro ya fito da kaki mai guga da baƙin takalmi. Ya zo gaban dattawanmu, ya durƙusa har ƙasa.

"Sannunku da zuwa, iyayena. Kun sha hanya."

Hausa ce garau, a tsakiyar dajin nan. Na ga kafaɗun maza sun sauka.

"Kai, ɗan wane ne kai?" in ji maigida.

"Isiya sunana, Baba. Mahaifina falke ne, ya rasu."

"To karanta mini Fatiha in ji."

Ya karanta, bai yi tuntuɓe ba. Maƙwabcinmu Malam Habu tela, abokin wasan maigida, ya ce, "Wallahi ya fi ka iyawa, mahauci. Kai sassara ta kake yi kamar ƙashin awazu." Aka fashe da dariya. Daga nan kowa ya saki jiki.

Isiya ya shige gaba, mu muna biye. Can bayanmu akwai kapita, wato mai kula da yaran, dogo mai hular soja, hannuwansa a baya. Da Sango kawai ya gaishe mu, muka manta da shi. Yaron ya nuna mana ɗakin kwana, gadaje da gidan sauro. Ya nuna mana gindin mangwaro an shimfiɗa tabarmi da butoci, ya ce nan suke salla. A madafa shinkafa ce a tukunya da nama. Maigida ya tsamo yanka ɗaya, ya shinshina, ya duba tsokar.

"Saniya ce. Wa ya yanka?"

"Wani Bafulatani ne, Baba, da bisimilla."

Malam Habu ya ce, "To bulala fa, ɗan samari? Ana ba ku?"

Yaron ya yi murmushi, idonsa a ƙasa. "Sai wanda ya nema, Baba. Kamar a gida."

Aka sake dariya. Akwai wani ɗan ɗaki na kwano sama da ƙasa a bayan madafa, ba taga. Ya kewaye shi da mu ta nesa, ya ce fartanyu ake ajiyewa a ciki.

Da muka zauna hutawa, dattawa suka ce ya zauna, ya ƙi, yana tsaye a miƙe. Na kwance kilishina na miƙa masa. Ya ce, "Na ƙoshi, Inna." Na sake miƙawa, ya sake cewa ya ƙoshi. Na mayar na ƙulle, raina fari. A wurinmu yaron da ya ƙi zama a gaban manya, ya ƙi karɓar abinci a hannun baƙo, shi ne ɗan gidan mutunci.

A mota ba wanda ya tuna da gadaje. Isiya, Isiya, har Bangi. Maigida ya ce, "Wurin da maraya ya zama haka, me zai hana namu?" Da aka buɗe makaranta, Magaji ya tafi. Muryarsa ba ta fashe ba tukuna. Ban raka shi bakin titi ba, kunya. Ta kafar zana na leƙa shi.

Da ya zo hutu ya rame, ya yi shiru. Rub da ciki yake kwanciya. In zai yi wanka sai ya tabbata ba kowa a tsakar gida. In an ba shi tuwo ya juya wa mutane baya ya cinye da sauri. Amma gaisuwa har ƙasa, ido a ƙasa, unguwa duk ana yabonsa. Ya yi wa ubansa tafinta wurin Baturen da ke duba nama, maigida ya wuni yana ba da labari a mahauta. Na sa Gwaggo ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau. Ya koma.

Sai shekarar da azumi ya haɗu da farkon ruwa. Ban taɓa ganin irinta ba. Da safe rana ta buɗe da zafi mai gumi, zane ya manne a jiki, numfashi kamar ta cikin tsumma. Bayan azahar sama ta yi baƙi, ruwa ya zuba kamar da bakin tulu. Hanyar arewa ta yanke, shanu suka daina saukowa, gero ya ɓace a kasuwa. Mahauta sai ƙudaje. Maigida ya fita da wuƙaƙensa ya dawo da su a bushe. Mu da muka saba da tuwon gero muka koma gozo, garin rogon mutanen ƙasar, da ngunza, ganyen rogo. Ka ci da sahur, hantsi bai yi ba cikinka ya koma fanko.

Mu matan layinmu muka haɗa turmi ɗaya a zauren Hajara, matar Malam Habu, don nan ne ba ya yoyo. Da hantsi a daka ganye, wata ta gaji wata ta karɓi taɓarya. Itace duk jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika ido. Wadda ta sami ɗan gero ta dama kunu tsararo, a raba a ludayi, kowane gida ya sami abin buɗa baki. Babu lasifika a lokacin. Ranar da hadari ya rufe rana, sai a tura yara bakin masallaci su jiyo ladan su rugo. Muna shan ruwa ƙafafunmu cikin taɓo.

Cikin wannan hali motar iyaye ta sake zuwa. Sule, ɗan Malam Habu, ya isa shiga makaranta, Hajara ta ce ita ma sai ta gani. Na ba ta ƙuli-ƙuli a ɓoye ta kai wa Magaji.

La'asar ba ta yi ba suka dawo. Malam Habu ba hula, goshinsa a fashe, jini ya bi ruwan sama ya ɓata gaban rigarsa. Hajara ta faɗo tsakar gidanmu ta kama ƙafafuna.

"Kande, Magaji ne. Shi aka sa ya zaga da mu."

Ga yadda ta ba ni labari. Ya fito da kaki mai guga da baƙin takalmin da ya yi masa yawa. Ya durƙusa, ya ce sannunku da zuwa iyayena. Ya nuna gadaje, ya nuna tabarmi, ya nuna tukunya, kalma bayan kalma irin ta Isiya. Bai nuna ya san su ba. Da suka zo daidai ɗakin kwanon nan, Malam Habu ya riƙe shi a kafaɗa.

"Magaji, ni na ɗinka maka rigar kaciya. Ɗago ka dube ni. In kawo Sule?"

Yaron ya ɗago kai. Ya dubi kapita. Sannan ya juya wa iyayen baya, ya ɗage rigarsa har wuya. Hajara ta ce bayan kamar naman da aka tsattsaga za a shanya, sabon miki a kan tsoho, daga kafaɗa har ƙugu.

Kapita ya fito da abin da ke hannunsa a baya, ashe bulalar dorina ce. Ya juya gindinta ya buga wa yaron a baki. Haƙori ya faɗi a taɓo. Ya kama shi a ƙafa yana ja, kansa yana bugun ƙasa. Malam Habu ya yi kansa, wani mai gadi ya tare shi da gindin bindiga. Aka tura su mota kamar awaki. Motar na tashi suna jiyo ihunsa daga ɗakin kwanon.

Maigida ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da babbar wuƙarsa ta fiɗa. Gwaggo ta kwanta a bakin ƙofa.

"In da wuƙar nan za ka fita, sai ka tsallake ni. Su harbe ka, wa zai ɗauko yaron?"

Ya daɗe a tsaye, sannan ya jefar da ita. Babu mota sai gari ya waye. Bayan sallar asuba na ɗaura ɗamara na bi bayansa. Ya waiwayo.

"Kande, ina za ki? Ɗan fari ne. Me mutane za su ce?"

"Su ce."

Motar katako muka samu. Ta kafe a taɓo, muka sauka muka taka, da azumi a bakinmu, ruwa yana dukanmu. Da azahar muka isa. Rakiya, kamar ba wurin da aka nuna mana ba. Babu tabarmi a gindin mangwaro. Yara ne birjik a gonar rogo, ba riga, cikin ruwa, haƙarƙarinsu a waje. Ba wanda ya ɗago kai.

Maigida ya fizgi fartanya a hannun ɗayansu, ya nufi ɗakin kwanon, ya ɓalle kwaɗon. Wari ya buso, na jini da fitsari. Magaji yana kwance a ƙasa, an haɗa hannuwansa da ƙafafunsa ta baya an ɗaure. Fuskar ta kumbura, ido ɗaya ya rufe. Da haƙorana na kwance igiyar.

Kapita ya iso da masu gadi. Ya ɗaga bulala, maigida ya cafke hannun. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai. Ya murɗe, na ji ƙashin ya yi ƙara kamar busasshen itace, kapita ya durƙusa yana kururuwa. Da Hausa ya yi kururuwar, Rakiya. "Wayyo hannuna!" Ashe duk maganar da muka yi a waccan ranar yana ji.

Sai suka rufar wa kakanki. Gindin bindiga a kai, takalmi a ciki. Ya faɗi ya tashi, suka sake kayar da shi, suka taka masa wuya cikin taɓo. Jini yana fita ta kunnensa. Ni na kifa a kan yaron, ɗayansu ya ɗauki bulalar ya sauke mini a baya. Kawo hannunki. Nan, ƙarƙashin kafaɗa. Kin ji tudun? Shi ne.

Baturen ya fito baranda da laima, ya faɗi wata magana, suka tsaya. Aka ɗaure maigida aka jefa shi ɗakin da aka fitar da ɗansa. Tafinta ya ce mini da Sango, in ɗauki yarona in tafi, an kore shi don rashin ladabi.

Na kwance mayafina na goya shi. Ƙafafunsa suna bugun gwiwoyina. Tun da aka yaye shi ban taɓa goya shi ba. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Wani direba, ba musulmi ba ne, ya gan mu a bakin hanya ya tsaya, ya ba mu ruwa a gora, ya kawo mu har Kilomita Biyar, bai karɓi komai ba. Ban san sunansa ba, ina sa shi a addu'a.

Matan layi suka bar turmi suka dawo ɗakina. Ruwan zafi, man kaɗanya, wanzami ya zo ya tafi. Mun kai shi ɗakin magani, aka ba mu ƙwayoyi, aka ce wai daga bishiya ya faɗo. Mikin baya ya soma kamewa, muka yi murna. Amma fitsarinsa ya koma kamar ruwan goro, daga baya ya tsaya. Ƙafafunsa suka kumbura.

A kwanakin nan ne muka yi hira, ni da ɗana, irin wadda ba mu taɓa yi ba. Kaɗan kaɗan, da fasasshen bakinsa. Ya ce in motar iyaye ta kusa, sai a zaɓi mai jin yarensu, a yi ta ba shi shinkafa don fuskarsa ta ciko. Bulala kuwa sai inda riga ke rufewa. Takalmin ɗaya ne, a ofis yake zama. Shinkafar tukunya ta malamai ce. Kapita tsohon soja ne, ya zauna a arewa, shi ke bin bayan yaro yana saurare.

"Isiya fa?" na ce.

"Shi ya koya mini maganganun. Ranar da kuka zo ba ya iya zama ne, Inna, an dake shi. Ya ce har mafarkin kilishinki yake yi. Da ya karɓa, da kapita ya ce ya nuna yunwa a gaban baƙi."

"Yana ina yanzu?"

"Ya gudu cikin daji bara da damina. Ba a gan shi ba."

"Kai kuma da ka zo hutu, me ya hana ka faɗa?"

"Baba yana murna."

Kakanki ya daɗe a kurkuku. Da aka sake shi kabari ya tarar. Kunnensa na hagu ya mutu, hannunsa yana rawa, bai ƙara yanka ko kaza ba, goro ya koma sayarwa. Mun haifi uwarki, mun tsufa tare, bai taɓa ambaton makarantar nan ba har ya koma ga Allah bara. In aka yaba ladabin wani yaro a gabansa, sai ya tashi ya bar wurin. Sule bai je ba. Shi ne tsohon nan mai tasi da ke kawo mini sukari kowane azumi. Motar kuwa ta dawo da shekara ta zagayo. Daga layinmu ba wanda ya hau, amma ta cika da mutanen wasu layukan. An ce wani yaro ne mai fara'a ya zaga da su.

Yanzu an ce makarantu sun canja, iyaye suna zuwa duk sanda suka so. Allah ya sa haka ne. Ni ban hana maƙwabciyarmu ba, ban san makarantarta ba. Na dai ce mata ta riƙa zuwa ranar da ba a gayyace ta ba.

Saura kaɗan, rubuta wannan mu tashi, an kusa shan ruwa.

Cikin goman ƙarshe na wancan azumin ne, da la'asar sakaliya. Ruwa yana sauka a hankali, ɗakin yana yoyo a ƙwarya. Gwaggo ta fita ɗumama kunu. Kansa yana kan cinyata, ina kore masa ƙuda da mafici. Wata babbar mota ta wuce a titi, ƙasa ta girgiza, na ji jikinsa ya ƙage. Ya buɗe idon nan ɗaya.

"Motar ce?"

"A'a, ta katako ce. Kwanta."

Ya rufe idon, har na zaci barci ne. Sai ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Inna, in ta sake zuwa, ki ce kada su hau. In kuma sun hau, kada su tambayi yaron komai. Shi ake duka."